Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa: A Sanya Zafin Bazara Cikin Jerin Bala'o'i

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi maka jagora, Ya haɗa ka da mashawarta nagari, Ya sa ka sauke nauyin da ke wuyanka lafiya. Ta hannunka kuma ina miƙa gaisuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Jiha, da iyayenmu sarakunan Hadejia, Kazaure, Gumel, Ringim da Dutse, da shugabannin ƙananan hukumomi 27, domin maganar da zan yi kowannensu yana da rabo a cikinta.

Ni tsohon malamin asibiti ne. Na shafe shekara 30 da 'yan kai ina aiki a ƙananan asibitocin karkara, yanzu na yi ritaya na dawo garinmu a arewacin masarautar Gumel, inda in ka miƙe kaɗan sai ka gan ka a ƙasar Nijar. Babu jam'iyyar da ta aiko ni, kuma ba kwangila nake nema ba. Dattawan da muke zama tare a gindin maina bayan la'asar su ne suka ce tunda na iya riƙe alƙalami in rubuta, in yi magana da yawunsu, da yawun matanmu masu yin sammako zuwa layin famfo, da 'yan ƙwadagon gona, da tsofaffin da ba sa iya fitowa daga ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kukanmu guda ne, sauran duk rassansa ne. Zafin bazara yana kashe mutane a ƙauyukanmu, amma har yau ba mu ga an ɗauke shi a matsayin bala'i ba.

Idan damina ta matso kowa ya san abin da ake yi. Rediyo za ta kama gargaɗi, a ce mazauna bakin kogi su tashi, a shiga aikin yashe kogin Hadejia da cire ciyawar kachala, a tara buhunan yashi. A ambaliyar 2022 jihar nan ta rasa fiye da mutum 100, aka ƙirga gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya shanye, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya suka shigo da hatsi da tabarmi da kwanon rufi. Ba ƙyashi muke yi wa 'yan'uwanmu na Ringim da Auyo da Kafin Hausa ba, abin da aka yi musu daidai ne, bai ma kai asarar da suka yi ba. Ambaliya tana samun wannan kulawa ne saboda tana barin shaida: katanga ta faɗi, gada ta karye, a zo a ɗauki hoto. Shi kuwa zafi shiga ɗaki yake ya ɗauke tsohuwa ya bar ɗakin a tsaye. Da safe sai a ce hawan jini ne, ko zazzaɓi, ko kuma a ce tsufa ne, lokaci ya yi. Lokaci kam ya yi, babu mai ja da hukuncin Allah. Amma wanda ruwa ya ci shi ma lokacinsa ne ya yi, kuma hakan bai sa an fasa yashe kogi ba.

Bari in ba da labari guda, don kada a ce zancen gindin bishiya ne kawai. A azumin 2024, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, na rasa gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ta haura 80 amma da sauran ƙarfinta, ita take share tsakar gidanta, ita take ba awakinta dusa. Ɗanta da ke neman kuɗi a Kudu ya rushe tsohon ɗakinta na soro ya gina mata na bulo da rufin kwano don ya kyautata mata, sai dai kuɗin ba su kai ga silin ba. Da aka shiga goman ƙarshe garin ya ɗau wani irin zafi da dattawa suka ce ba su san irinsa ba. Na je gaishe ta na tarar leɓenta ya bushe, na ce, "Gwaggo, Allah Ya yi miki rangwame, ki sha ruwa a ciyar a madadinki." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake azumi, yau ne rana za ta sa in sha?" Washegari wajen ƙarfe 2 jikarta ta sheƙo a guje tana cewa, "Baffa, ka zo, Iya tana ta surutai." Na tarar da ita kwance a wannan ɗaki, fatarta kamar an ɗauko ta daga murhu, babu ko ɗigon gumi, ba ta ma gane ni ba. Ma'aunin zafin jiki da nake ajiyewa a aljihu ya wuce 40. Muka fito da ita inuwa, muka dinga kwarara mata ruwan randa ana yi mata fifita, aka nemo mota. A asibitin da ya fi kusa da mu babu wuta, babu fanka, ledar ƙarin ruwa ta ƙare, sai da aka tura yaro a babur ya sayo a kemis na cikin gari. Kafin ya dawo ta cika. Ban zargi yaran da muka tarar a bakin aiki ba, na yi irin aikinsu, na san hannu wofi suke. A makon da ta rasu akwai ranar da muka sallaci gawa uku a garin da akan yi wata guda ba a yi rasuwa ba, dukkansu tsofaffi, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta a wata takarda cewa zafi ne sanadi.

Daga baya ne na ji a rediyo cewa a daidai waɗannan kwanaki abin ya game yankin Sahel. Ranar 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyas a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a ɗaukacin Afrilun shekarar da ta gabata mutum 130 ne suka mutu a wurin. Masana yanayi da suka bi diddigin abin sun ce da ba don ɗumamar duniya ba, da zafin bai kai haka ba. A watan Yuni na shekarar, zafi ya kai 51.8 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a taɓa shekara mai zafin 2024 ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kawo ƙiyasin cewa tsakanin 2000 da 2019 zafi ya riƙa jawo mutuwar mutum kusan 489,000 a kowace shekara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen Bamako sun san yawan nasu saboda wani ya zauna ya ƙirga. Mu namu mun binne su, mun yi zaman makoki, mun watse.

Ranka ya daɗe, ka yi mini haƙuri in yi ɗan bayanin aikina, domin da yawa suna ɗauka zafi takura ce kawai. Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a wajen digiri 37. In gari ya yi zafi sai ya tura jini zuwa fata ya fitar da gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Wannan aiki zuciya ce take yin sa, kuma ruwa da gishirin jiki yake ci. In ruwan ya yi ƙasa jini ya yi kauri, zuciya ta galabaita, ƙoda ta fara shan wuya. In zafin cikin jiki ya haura 40 sai ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara surutai ko ya yanke jiki ya faɗi, a ƙauye a ce iska ce ko mayu, a tsaya ana turare alhali ruwa ya kamata a kwarara masa. Dare ma yana da nasa: in rana ta gasa mutum dare kuma bai huce ba, jiki ba ya samun hutu, kwana uku ko huɗu a jere sai mai rauni ya faɗi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Jariri ba ya iya cewa a ba shi. Mai juna biyu tana iya yin naƙuda kafin lokaci. Mai shan maganin hawan jini irin wanda ke sa yawan fitsari, da mai ciwon suga, da mai sikila wanda ƙarancin ruwa ke tayar masa da ciwo, duk suna bakin rami tun daga Maris har saukar ruwan farko.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ruwa. Mun sani an haƙa rijiyoyin burtsatse da yawa a jihar nan, kuma mun gode. Matsalar tana wajen gyara. Tuƙa-tuƙa yakan tsaya wata biyu saboda wata 'yar roba da kuɗinta bai kai na buhun gero ba, famfo mai sola kuma tanki ya tsage ko injin ya ƙone, a rasa wanda za a kai wa kuka. Daidai lokacin ne kuma rijiya take ja da baya, a yi ta ƙara wa guga igiya. Gari guda ya koma kan famfo ɗaya, 'yan mata su fito tun assalatu su kai hantsi a layi, wasu har rana ta take, jarka a ka, ƙasa tana ƙuna. 'Yan ga-ruwa su ƙara kuɗi, kuma ba laifinsu ba ne, su ma turin kura suke cikin wannan rana. Uwar gida ta zauna tana rabon jarka biyu tsakanin sha da girki da alwala da awaki, kuma abin da ake fara yankewa shi ne wanka da jiƙa zane, wato abin da zai sanyaya jikin yaro da tsoho. Wasu su koma ragowar kududdufi inda shanu suke sha, a samu amai da gudawa, ɗan ruwan da ya rage a jiki shi ma ya fita.

A nan zan ɗan ratse. Yankin Hadejia zuwa Nguru da Gashuwa ya yi suna da yawan masu ciwon ƙoda, iyalai suna sayar da gona don wankin ƙoda. A Amurka ta Tsakiya an daɗe ana danganta ciwon ƙodar masu yankan rake da aikin ƙarfi cikin rana ba tare da isasshen ruwa ba. Duk wani bincike da za a yi a kan ƙodar mutanenmu, a dubi manomin da ke wuni a fadama da 'yar gorar ruwa guda.

Sai asibiti. Abin da mai bugun zafi yake buƙata a sa'ar farko ba shi da tsada: inuwa, ruwa mai sanyi, iska, ledar ƙarin ruwa, da ma'aikacin da ya san abin da yake gani. Amma ƙananan asibitocinmu da yawa kansu tanderu ne, rufin kwano, silin ya zazzago, taga ɗaya. Mace tana naƙuda ƙarfe 3 na rana a irin wannan ɗaki, 'yar rakiya tana yi mata fifita da murfin kwali. Magunguna da yawa an rubuta a jikinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30, ga su a kan kanta a ɗakin da ya haura 40. Allurar rigakafi da allurar tsayar da jini bayan haihuwa sanyi suke so, in firji ya mutu ƙarfinsu raguwa yake. Zan kuma faɗi gaskiya a kan aikinmu: duk mai zafin jiki da aka kawo, zazzaɓin cizon sauro ake fara kawowa a rai, ko da a tsakiyar Afrilu ne da sauro ya yi ƙaranci. Ba a horar da mu mu tambayi a wane ɗaki ya wuni ba, ko yaushe rabonsa da fitsari.

Sanƙarau ya isa ya zama darasi. Ciwo ne na lokacin rani da bazara, sa'ad da ƙura da busasshiyar iska mai zafi suke raunana hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna cunkushe a ɗaki. Ina bakin aiki a annobar 1996 da ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, ba na fatan in sake ganin irinta. Daga ƙarshen 2022 zuwa bazarar 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, musamman nan wajenmu, Maigatari da Sule Tankarkar da Gumel. A Maris na 2024 aka zo da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, Jigawa kuma tana cikin jihohin da aka fara da su. Me ya sa aka iya wannan? Saboda sanƙarau yana da fom. In an ga mutum ɗaya sai a cike a aika sama, lissafi ya taru, hukuma ta motsa. Irin wannan fom muke so a yi wa zafi.

Makarantu ba sai na tsawaita ba, duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare na ƙauye ƙarfe 12 a watan Afrilu ya sani. Yara fiye da 70 a ƙarƙashin kwano, wannan yana gyangyaɗi, wancan haɓo ya ɓalle masa, babu ko randa a harabar. A tashe su daidai lokacin da rana ta fi ƙuna su taka rairayi zuwa ƙauyen da ke nesa, wasu ba takalmi. Almajiran tsangaya kuwa a wannan sa'ar suke fita neman na rana.

Inuwa ita ce ta fi ba ni takaici, domin muna da ita muka rasa. Iyayenmu sun san zafi, shi ya sa suka yi gini da katanga mai kauri da azara, ɗakin soro ka shiga da rana tsaka ka ji kamar ka shiga randa. Kowace ƙofar fada da durumi ko ceɗiya, kowace kasuwa da tsamiya, kowace gona da gawo, bishiyar da Allah Ya yi ta tana fitar da ganye da rani sa'ad da kowa ya kaɗe nasa, ta zubar da damina don shuka ta sami rana. Muna yara an dasa dogayen layukan maina a arewacin nan don tare iska da rairayi, in ka shiga cikinsu sai ka ji garin ya canza. Yau je ka ga abin da ya rage. Motocin gawayi da na itace suna fita dare da rana, marke da ƙirya sun zama sai labari a wurare da yawa, ba a bar tsamiya ba, ba a bar kanya ba. Ba zan ɗora laifin duka a kan talaka ba, matar da gas da kananzir suka fi ƙarfinta da me za ta dafa tuwo? An ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka tun 2007, Najeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Jigawa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Kowace damina kuma akan yi bikin dashen itatuwa. Amma dashe ba ya zama bishiya sai an yi masa keji an ba shi ruwa rani biyu ko uku, in ba haka ba kafin Maris akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone sauran. Sannan mu kanmu mun bar soro mun koma bulo da kwano, saboda shi ne alamar an samu, muna gina wa iyayenmu ɗakunan da suke gasa su.

Aljihu ma yana ji a jikinsa. Alkama 'yar hunturu ce, in an makara shuka zafi ya riske ta tana cika ido sai ta tsamure, buhu goma ya koma shida. Tumatir yana zubar da fure. Mai shinkafar rani sai ya ninka ban-ruwa, ga kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Kaji su buɗe baki su mutu a akurki, nonon saniya ya ragu, makiyayi ya yi ta doguwar tafiya neman mashaya. Ranar Alhamis a je kasuwar Maigatari a ga 'yan dako da masu korar shanu da mata masu fura a fili fetal, dubban mutane da dabbobi, a ƙirga rumfunan da wuraren shan ruwan da ke akwai. Sharar gona da kai taki duk a bazara ake yin su, kuma ɗan ƙwadago ba ya cewa rana ta yi yawa, in bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa. Ga gobara, zana da kara sun bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya da iskar bazara sun isa su cinye unguwa da rumbunanta.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi in za a yi matsanancin zafi, kwanaki kafin ya zo. Wanda ke da babbar waya kuma yake jin Turanci yakan gani. Gwaggona ba ta taɓa jin irin wannan gargaɗi ba, mai unguwarmu ma haka.

Mai Girma Gwamna, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke roƙo, tun muna cikin hunturu.

A ayyana matsanancin zafi a matsayin bala'i a hukumance, a sa shi cikin aikin Hukumar Agajin Gaggawa ta Jiha da kasonsa a kasafin kuɗi, yadda ambaliya da gobara suke da nasu, a kuma ɗora wa mutum guda alhakin shirin, wanda za a iya kira a tambaya. Wasu sun riga mu yin haka. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa fiye da mutum 1,300 a zafin watan Mayun 2010, a 2013 suka fito da tsari na musamman: gargaɗi tun kafin ranar, wuraren shan ruwa a tituna, horar da ma'aikatan asibiti, daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don ya mayar da rana. Faransa ta rasa kusan mutum 15,000 a zafin 2003, yawancinsu tsofaffi, daga nan aka sa kowane gari ya buɗe rajistar tsofaffi da masu rauni don a riƙa duba su in zafi ya taso. Mu wannan rajista tana cikin kan masu unguwanni da bulamai, sun san kowace tsohuwa da ke kwana ita kaɗai. Umarni kawai suke jira daga hakimai.

A fara ƙirge. Daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Mayu kowane asibiti ya rubuta waɗanda aka kawo da alamun zafi, kowane dagaci ya rubuta rasuwar da aka yi a ƙasarsa da shekarun mamacin, a tara a Dutse a gwada da sauran watanni.

Gargaɗin NiMet a mayar da shi Hausa da Fulatanci da Barbarci, a karanta a gidajen rediyon jiha safe da yamma, a aika wa limamai da masu shela. A faɗa wa mutane abin yi da bakin da za su gane: a sha ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba, in fitsari ya yi ja ruwa ya yi ƙaranci, jaririn da bai kai wata 6 ba a ƙara masa nono kada a ba shi ruwa, a haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, wanda ya faɗi ko ya fara surutai a kai shi inuwa a jiƙa shi sharkaf a yi masa fifita tun kafin a nemo mota, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Kafin ƙarshen Fabrairu a bi gari-gari a gyara duk famfon da ya mutu, a ajiye kayan gyara a kowace ƙaramar hukuma, a koya wa samari biyu a kowace gunduma aikin. Garin da rijiyarsa ta ƙafe a kai masa tankar ruwa, yadda ake kai wa 'yan ambaliya hatsi. Kowane ƙaramin asibiti a sa masa sola da za ta ɗauki firji da fanka, a gyara silin, a ajiye ledojin ƙarin ruwa tun kafin a nema, a yi wa ma'aikata bita ko ta kwana ɗaya ce.

A ba makarantu izinin shiga da sassafe su tashi kafin 12 a makonnin da zafi ya tsananta, a ajiye randuna, kuma kada a sake karɓar ginin aji daga hannun ɗan kwangila babu silin. Masu aikin titi da gine-ginen gwamnati a ba su hutun tsakar rana a rubuce cikin yarjejeniya. Manyan kasuwanni irin Maigatari da Gujungu da tashoshin mota a yi musu rumfuna da famfo daga cikin harajin da ake karɓa a wurin. A kan itatuwa kuma, a rage yawan dashe a ƙara yawan raino: a biya mata da matasa ladan kowace bishiyar da ta kai shekara uku a raye, a fara da makarantu da asibitoci da kasuwanni da makabartu, a kuma ba sarakuna ƙarfin hana sare manyan itatuwan inuwa.

Ga malamanmu ina da roƙo na musamman, cikin ladabi. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni in zafi ya tsananta a jinkirta sallar azahar har gari ya ɗan huce, kuma ya ambaci shayar da ruwa a cikin mafifitan sadaka. Addininmu ya san zafi, ya kuma yi rangwame ga tsoho da maras lafiya da mai ciki da mai shayarwa. Maganata ba ta shiga kunnen gwaggona ba saboda ni ɗanta ne, malamin allura. Da daga bakin liman ta ji, a huɗuba ko a wajen tafsiri, ina kyautata zaton da ta karɓa. A Karachi ta Pakistan zafin watan Yunin 2015 ya faɗo cikin azumi ya kashe fiye da mutum 1,000, har malaman can suka fito suka ce wanda ransa ke cikin haɗari ya sha ruwa. Muna so a ji irin wannan daga mumbarorinmu, ko azumi ya faɗo a bazara ko bai faɗo ba, domin akwai masu ramuwa da masu nafila.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba. Mun yi karo-karo mun gyara tuƙa-tuƙa guda, mun kafa rumfar kara a bakin famfo, samari sun ɗauki alkawarin ban-ruwan maina 40 da muka dasa a makaranta. Ni kuma na sayi littafi, daga ranar 1 ga Maris zan rubuta duk rasuwar da aka yi a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, da shekarun mamaci da irin ɗakin da ya kwanta, in ruwa ya sauka in miƙa wa hakimi. Muna roƙon ka turo wakili a tsakiyar Afrilu, ya zo da ma'aunin zafi, ya zauna da mu a ajin 'yan firamare ƙarfe 1 na rana, ya kuma leƙa ɗakin haihuwa, sannan ya koma ya faɗa maka abin da ya gani.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba jiharmu lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin asibiti, a madadin dattawa da matan wani gari a arewacin masarautar Gumel, Jihar Jigawa.